Balarabe Mai Gajeren Sanda

Balarabe manomi ne a nan Burumburum, katangarmu ɗaya da shi. Da kamfani ya kawo ƙananan eriyoyin waya masu aiki da hasken rana guda biyu, aka kafa ɗaya a ƙofar gidansa, aka ce ya riƙa kula da ita. Ɗayar aka kai tsallaken kwari, wajen Sagir, abokin wasansa. Injiniyan kamfanin ya saita su daidai wa daida, ya ce kowace ta tsaya a unguwarta.

To, mu mutanen nan, ko lasifikar masallaci ce so muke tamu ta fi ta maƙwabta amo. Sagir ya ƙara wa tasa tsawon sanda, ya ƙure mata ƙarfi. Balarabe ya rama. Waya ta lalace mana gaba ɗaya. Kana magana sai murya ta kakkarye, kamar mutum biyu na yi maka ihu a kunne ɗaya. Batirin eriyoyin kuma kafin la'asar ya mutu. Injiniya ya aiko cewa in haka ta ci gaba, za a cire ta Balarabe a kai garin Doguwa.

Ina nan ranar da Balarabe ya ji wannan labari. Da safe ya ɗauki fartanya da saiwar gamba, irin wadda muke dasawa a iyakar gona, ya je ya kira Sagir.

Sagir ya ce, "Kai, tsohon banza, gonar wa za mu raba?"

Balarabe ya ce, "Gonar sama. Taho da wayarka."

Suka bi bakin kwari suna duba waya, Balarabe na dasa gamba, yana cewa daga nan zuwa gabas tasa ce, yamma ta Sagir. Sagir na dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi ba zai fara ragewa ba, sai dai Balarabe ya fara.

Balarabe ya fara. A gaban jama'a ya sauke sandarsa, ya yanke ƙarin da ya yi mata, ya sunkuyar da eriya tana kallon gidajenmu, ya mayar da ƙarfinta inda injiniya ya bari. Ya roƙi injiniya ta waya ya sa ta riƙa hutawa da hantsi, lokacin da kowa yana gona. Matasa suka sa masa Mai Gajeren Sanda. Har matarsa Tani ta ce ya ba wa unguwa kunya.

Batirinsa ya fara kaiwa gobe. Na Sagir na nan yana mutuwa da la'asar, mutanensa na tsallako gamba su yi kira a wajenmu. Ba a yi nisa ba Sagir ya zo aron zarto, zai rage tasa sandar.

Balarabe ya miƙa masa, ya ce, "Ka dawo da shi da kaifinsa."

Eriyarmu tana nan ba a cire ba. Sunan ma ya zauna, kuma yana amsawa.