Musun Gwamnati a Hanyar Kubwa

Shekara shida na yi ina shiga motarsa kowace safiya daga Kubwa zuwa sakatariya, kuma ban tuna ranar da muka isa ofis ba mu yi musu ba. Mutumin Filato ne, Kirista, ya girme ni nesa ba kusa ba. Yana sashen tsare-tsare a ma'aikatarmu, ni ina sashen mulki. Ina ce masa Oga, yana ce mini Malam. Hausarsa ta Jos ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Gwamnati a bakinsa "shi" ce.

An taɓa tura shi kwas ƙasar waje, ya dawo da kwalin littattafai da wani ra'ayi da ya riƙe kamar addini. A ganinsa kowane mutum shi ke da kansa: jikinsa, guminsa, da duk abin da gumin ya haifar. Gwamnati ta tsare rai, ta tsare dukiya, ta raba gardama a kotu, sannan ta koma gefe. Abin da ya wuce haka shisshigi ne.

Ni kuwa ɗan makarantar gwamnati ne tun daga aji ɗaya. Littafi, abincin makarantar kwana, har sabulun wanka, kyauta aka ba mu. Jin maganarsa nake kamar ana zagin wanda ya goye ni.

"Oga, da ba gwamnati, da yanzu ina bayan garmar shanu a ƙauyenmu."

"Malam, gwamnati ba shi da gona," in ji shi, yana kutsa hancin motar cikin cunkoso. "Sabulun nan wani ne ya yi gumi, aka karɓe a hannunshi aka ba ka. An tambaye shi?"

"Ai zakka ma ba a tambayar mai dukiya. Talaka yana da haƙƙi a cikinta."

"Wannan tsakaninka da Allah ne. Ni ina maganar mai bindiga da rasit."

Sai in tuna masa cewa wannan mai bindigar ne ke biyan sa albashi, kuma titin da muke kai shi ya shimfiɗa. Ya yi dariya har da dukan sitiyari, ya ce ai mutum yakan ci abincin asibiti ba don yana son ciwo ba.

Wata Asabar ya ce in raka shi Ushafa, matarsa tana son randa, kuma akwai abin da zai nuna mini. Muka tarar da wata dattijuwa 'yar Gbagyi a gindin mangwaro, tana zagaya tukunya tana ɗaga bakinta da ɗan tsumma jiƙaƙƙe. Muka gaisa, ta tura mana benci da ƙafa ba ta tsaya ba.

"Kalli nan," in ji Oga. "Yumɓu yana kwance, ba na kowa ba. Ta haƙa, ta kwaɓa, ta gina, ta gasa. Guminta ya shiga ciki, tukunya ya zama nata. Daga nan mallaka ya fara. Wane minista ne ya sa hannu?"

Na ce tukunya na yarda, amma ramin yumɓun fa, na wa ne? In mai ƙarfi ya zo ya ce nasa ne, wa zai hana shi?

Ashe Mama tana jin mu. Ta goge hannu a zane ta ce ai an riga an zo. Ramin da kakarta ke haƙa, wani ya zagaye shi da katanga, ya nuna musu takarda mai hatimi daga birni. Yanzu sai sun yi tafiya mai nisa kafin su samo ƙasa mai kyau.

Oga ya dube ni. "Ka ji ko? Takardan wa?"

"Da ba takarda, da da sanda za a kore su," na ce.

Na tambaye ta ko me take so gwamnati ta yi mata. Ta dubi tukunyar, sannan ta ce a sa likita a asibitinsu, don jikarta a hanya ta haihu bara. A gyara musu hanya. Yumɓu kuma a bar musu abinsu.

Muka sa randa a bayan mota muka kamo hanya. Muka wuce unguwar Dutse. Can sai ya ce, "Malam, gidana da naka ma a kan gonan wani suke." Na ce na sani. Ranar ce kaɗai na ga musu ya gagare mu, mu biyun.

Litinin muka dawo da abinmu, sai dai ya sauya launi. Na daina cewa gwamnati uwa ce, tunda ni da hannuna na sha ajiye fayil wata uku ana jiran sa hannun wanda ya tafi taro. Shi ma ya rage cewa haraji fashi ne. Ya koma tambayar wa ke tsare mutane daga mai tsaron.

Da ya yi ritaya ya sayi gona a Yangoji, ya koma noman doya. Na kai masa ziyara da damina, na same shi da takalmin roba a bakin wani rafi da ya cika ya hana motar kaya shigowa. Ya haɗa maƙwabtansa sun jera itace da buhunan yashi, ruwa ya tafi da su sau biyu. A aljihunsa akwai wasiƙar neman gada, ya rubuta wa ƙaramar hukuma a madadin manoman, ya ce in duba masa ita tunda ni na san yaren ofis.

Na karanta ina murmushi. Ya ɗaga mini yatsa.

"Kar ka fara, Malam. Gada ɗaya na roƙa. Ban ce ya zo ya koya mini shuka doya ba."

Na gyara masa layi biyu a kan bonet ɗin motata, muka shiga gida matarsa ta kawo mana sakwara. Bayan shekara biyu ciwo ya sa 'ya'yansa suka mayar da shi Jos. Muna waya lokaci-lokaci, amma numfashinsa ba ya kai shi ƙarshen dogon zance. Abokan aikina na yanzu yara ne masu ladabi. Duk abin da na faɗa, sai su ce haka ne, ranka ya daɗe.