Tatiya Mai Masauki da Ƙofofin Gidanta

An daɗe ana yayatawa a Lawudikiya cewa Tatiya ba ta taɓa barin mai yawon bishara ya kwana uku a gidanta ba, har dattawa suna kafa misali da ita in za su tsawata wa mata masu saurin tausayi. An bi diddigin maganar wajen 'ya'yanta da tsofaffin maƙwabta, ga abin da aka samu.

Haihuwa da Tasowa

An haifi Tatiya a Lawudikiya shekara goma sha tara kafin babbar girgizar ƙasa. Sunan mahaifinta Menandar, marinin ulu, mahaifiyarta kuwa Melitina. Ta koyi karatun Helenanci a gefen 'yan'uwanta maza, ba don an yi niyyar koya mata ba.

Aure da Masauki

A shekarar girgizar ta auri Zosimus, mai fataucin baƙin ulu, suka gina gida a bakin hanyar Afisa mai ƙofa biyu: babba ta fuskar hanya, da ƙarama ta baya inda ake shigo da ulu. Ɗansu na fari suka sa masa sunan mahaifinta, Menandar. Bayan shekara shida da auren aka yi musu baftisma, gidan ya zama wurin taron ikilisiya da masaukin masu bishara. Da hannunta take wanke ƙafar baƙo, ta ajiye masa gurasar sha'ir da zaitun.

Ƙa'idar ikilisiya a zamanin ita ce mai bishara ya kwana ɗaya, in da larura biyu, a sallame shi da gurasar hanya. Wanda ya kwana uku annabin ƙarya ne mai ci da sunan Ubangiji, kuma gidan da ya riƙe shi ba a sake taro a cikinsa.

Zuwan Alkimus

A shekara ta ashirin bayan girgizar, cikin tsananin sanyi, wani tsoho mai bishara da ake kira Alkimus ya iso daga Antakiya, ƙafafunsa sun ruɓe da gyambo. Da safiya ta uku ta yi, ko tsayuwa ba ya iya yi. In ya fita, hanya za ta kashe shi. In ya kwana, sunansa da na gidan sun ɓaci.

Tatiya ta ɗaure masa gurasa, ta sa Zosimus ya goya shi suka fita ta babbar ƙofa a idon maƙwabta, ta yi masa addu'ar tafiya. Suka zaga katanga suka ƙwanƙwasa ƙaramar ƙofa. Ta buɗe, ta yi masa maraba, ta tambayi sunansa da garinsu, ta kawo ruwan wanke ƙafa.

Ba a jima ba Diyodoros, shugaban dattawa, ya zo bincike.

"Uwar Menandar, wannan ba shi na gani shekaranjiya ba?"

"Shi ne, Baba. Ya tafi da safe, kowa ya gani. Ga gurasarsa ma bai ci ba."

"To ina ya je?"

"Bayan gida. Ko nan ma kun kafa ƙa'ida?"

Diyodoros ya dubi ƙafar tsohon, ya dubi Zosimus da ke dafe da ƙugu. Ya ce, "Kai kuwa ka zama jakin bishara. Ki shafa masa zuma a gyambon." Bai sake tada maganar ba. Daga ranar, duk safiya ta uku haka ake fita da tsohon a dawo da shi.

Rasuwa

Tatiya ta rasu tana da shekara saba'in da huɗu, bayan mijinta da shekara tara. An binne ta a maƙabartar hanyar Hiyerabolis, masu bishara daga garuruwa da dama suka ɗauki makararta. Ta bar 'ya'ya huɗu: Menandar, Yuliya, Melitina, da autanta Zotikus, wanda ke riƙe da masaukin yanzu. A kan dutsen kabarinta dattawa sun sa an sassaƙa cewa baƙo bai taɓa kwana uku a gidanta ba.

Kabarin da ke gefen nata na Alkimus ne. Shekara bakwai ya yi a gidan, kuma a ciki ya rasu.