Jan Ɗigo a Talabijin ɗin Amarya

Har gobe ban manta da Larabar da ɗigo ɗaya, wanda bai kai ƙwayar gero ba, ya hana ni zama wuri guda.

Ina shekarata ta uku ke nan a shagon maigidana, Alhaji Umaru, a bakin kasuwar Illela, inda muke sayar da talabijin irin na bango. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan, ku riƙe wannan: hoton da kuke gani ɗigo-ɗigo ne ƙanana suka haɗu. Shi ya sa dokar shagonmu ita ce kaya ba ya fita sai an sa masa filashi mai hotunan gwaji an nuna fari zalla, sannan baƙi, ja, kore da shuɗi. Ɗigon da ya yi baƙi ƙirin a kan fari ya mutu, sai dai a canza gilashi. Wanda ya tsaya a ja ko kore kuwa maƙalewa ya yi, wani lokaci yakan farfaɗo.

Ranar Lahadi kasuwa ta cika, mutanen Ƙonni sun yi mini ca, sai ga Hajiya Ramatu daga Gidan Katta ta zo sayen talabijin na ɗakin 'yarta da za a aurar. Na ce a raina, sabo dal a kwali, me za a gwada? Na ɗaure mata ta tafi.

Laraba da azahar ta bugo waya. “Bello, mi kab ba ni? Mun gama jere mun kunna, duk wanda yaf fito cikin akwatin ga da jan tabo ga goshi. Ga dangin ango nan tahe ganin ɗaki bayan la'asar!”

Alhaji ya ce, “Ka gwada shi?” Na sunkuyar da kai. Ya miƙo mini makullin babur, na kama hanyar Gidan Katta.

Na tarar da ɗaki cike da mata, kowa da nata maganin. Ƙanwar Hajiya, Inna Hassi, ta ɗauka kashin ƙuda ne. Ta goga da tsumma, ta sa yawu, har da farce. Yanzu ga ta a rakuɓe a bayan ƙofa, ana ta cewa ita ta ɓata kayan amarya.

Na duba, ɗigon maƙalalle ne. Na sa masa bidiyon launuka masu walƙiya da muke tayar da irinsa, na tsaya jira. Ina fa jira! In fita tsakar gida, in dawo, in duba agogo, in sake leƙa gilashi. Na kashe, na dafa wurin da tsumma mai laushi a hankali na kunna, don in ka danna da ƙarfi ɗigo ɗaya ya zama goma. Gumi har cikin idona. Aka kira la'asar, ɗan banzan ɗigon yana nan ja zur.

Wata tsohuwa ta ce, “Ɗana, hwaɗi gaskiya, ba Hassi ta ɓata shi ba?”

Wallahi sai da zuciyata ta raya mini in ce e. Kalma ɗaya, na fita daga laifi. Sai na kalli Inna Hassi, tana murza bakin zanenta.

Na juya wurin Hajiya Ramatu na ce, “Hajiya, da shi ya zo daga kwali. Ni ne ban gwada ba. Gobe in sha Allahu za mu kawo wani.”

Hajiya ta dube ni tsaf. “Da ka hwaɗa min tun kasuwa, ko hakanan sai in ɗauka. Abin da ba ni iyawa shi na surukai su gano min aibi ga ɗakin ɗiyata.”

Da baƙin suka yi sallama, ita da kanta ta kunna, ta ɗora yatsa a wurin. “Ku gani, mun san da shi. Ga yaron shagon nan, gobe za shi canza.” Uwar ango ta matso ta ƙanƙance ido, ta ce ita fa ba ta ga komai ba, suka wuce kallon kwanuka.

Tun daga ranar na gane mutanenmu suna iya zama da aibin kaya shekara goma, muddin su suka fara saninsa. Abin da ba sa yafewa shi ne ka bari baƙo ya nuna musu shi a cikin gidansu.