Hannun Mahauci

Lokacin da faifan sidi ya fara korar kaset a Azare, wani mai gyaran rediyo ya mai da zaurensa gidan tarihin kiɗa, da garmaho da tsofaffin fayafayai da jitar lantarki. Kowa yana iya taɓawa ya kunna. Da na miƙa hannu, ya buge shi a gaban jama'a, wai hannun mahauci ba ya taɓa faifai.

Na haɗiye, amma ban manta ba.

Da damina rufinsa ya rufta, ya rasa ma'ajiyar kayan sai ɗakina. Na karɓa da fara'a. Daga kan nama nake tasowa in sa faifai, ban wanke hannu ba. In ya zo, tabarmar bakin ƙofa nake nuna masa: "Malam, saurara kawai."