Ranar da Akwati Ya Koyi Kiɗana a Bompai

Mun tashi da asuba daga Funtuwa, ni da maigidanmu mawaƙi, wanda na daɗe ina yi wa kalangu. Tun a tasha hankalina bai kwanta ba. Mutumin da ko goro ba ya saya wa makaɗansa, yau shi ne ya saya mini shayi da burodi har da ƙwai. Kuma duk cikinmu ni kaɗai ya ɗauko.

Hanya lafiya lau, in ban da shingayen sojoji. Da muka ratsa Sharaɗa warin majemu ya tare mu, kowa ya toshe hanci. Ni ban toshe ba, da fata nake cin abinci.

A Bompai muka kutsa tsakanin manyan motoci zuwa wani sito. Mai kayan ya nuna mana piyano biyu na lantarki da wani baƙin akwati, an haɗa su da waya mai haƙora biyar. Ya danna ɗaya, sai ɗayar ta amsa ba wanda ya taɓa ta. Na leƙa baya ina neman kaset.

"Malam, ba sauti ke bin wayar ba, saƙo ne," in ji shi. "Wannan ke gaya wa waccan ta buga kaza, da ƙarfi kaza, ta tsaya nan."

Ban yarda ba, na zare wayar. Ɗayar ta yi tsit. Na mayar, ta ci gaba. Ai mu ma haka muke yi a fili: in kira da kalangu, yaran kiɗa su amsa.

Sai maigida ya ce, "Ɗan taɓa masa kiɗanmu na buɗe fili." Aka ba ni wasu faifan roba da aka jona wa akwatin. Son a yaba mini ya ja ni, na zuba shi tsaf. Mai kayan ya danna wani abu, akwatin ya maimaita. Muryar ba ta kalangu ba ce, amma hannun nawa ne, har ɗan jinkirin nan kafin bugun ƙarshe da na gada wurin mahaifina.

Na ce wa maigida, "Alhaji, wannan fa na mene ne?"

"Saboda ranar da ba ka da lafiya ne kawai." Takalminsa yake kallo.

A dawowa but ɗin mota ya cika, don haka ni na rungumo akwatin a cinya har Funtuwa, ina kare shi daga ramukan hanya. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba.

Abin da tafiyar ta koya mini: na ɓata yini ina zargin waya, alhali shayin nan ya kamata in zarga. Jiya an yi biki a unguwarmu. Daga ɗakina na ji hannuna yana buɗe fili, ni kuwa lafiyata ƙalau.