Labulen Lokacin Yaƙi

Hilda Scutt mai gidan haya ce a wani lungu na Landan, masifaffiya ta ƙin ƙari, amma akwai mutum ɗaya da ba ta taɓa ɗaga wa murya ba: ƙanwarta Queenie. Tun da bam ya rushe gidan iyayensu lokacin yaƙi, aka tono Queenie daga ɓaraguzai, ba ta sake taka titi ba. Kullum tana bakin tagar falo tana saƙa. Likita ya sha faɗa cewa in ta ƙara birkicewa, sai asibitin mahaukata. Hilda ta ce sai dai bayan ranta.

Tsautsayi ya sa ta bar 'yan fim suka ɗauki hoton gaban gidan. Ta zaci labarin soyayya ne. Ashe na wani la'ananne ne mai leƙen mata, yana kashe su yana ɗaukar hoton firgicinsu. Jaridu suka yi wa fim ɗin tofin Allah tsine, aka janye shi daga silima, sai kowane ɗan zaman banza ya ga lallai sai ya ga gidan da idonsa. Suna manna hanci a gilashi, Queenie na ciki.

"Uwarka ka ajiye a nan?" Hilda ta daka wa ɗayansu tsawa, da tsintsiya a hannu.

"Haba Iya, nan ne aka kashe mai jan gashin nan?"

"Nan za a kashe ka, mai kunnen jaki!"

Ta kai ƙara, ɗan sanda ya ce kallo daga titi ba laifi ba ne. Queenie ta daina cin abinci, saƙa ma ta gagara. "Yaya, me na yi musu?" Hilda ta rasa inda za ta sa kanta, tsoro ya hana ta sukuni.

Wata rana da la'asar, Queenie na barci a sama, Hilda ta tuna da baƙaƙen labulen da ake rufe tagogi da su don kada jiragen yaƙi su hangi haske. Ta zaro su daga akwati, ta rufe tagogin falon ruf, har tana murna.

Queenie ta sauko, ta tsaya cak.

"Yaya... jiragen sun dawo?"

Kafin Hilda ta fizge labulen, tuni Queenie ta shige ƙarƙashin tebur, hannu a ka, tana ihun a kashe wuta. Wani ɗan haya ya kira likita.

Da motar asibiti ta zo, ƙofar gida cike take da 'yan kallo, har da mai kyamara. Hilda ta baza gyalenta tana kare fuskar ƙanwarta, tana roƙonsu da kuka. Daga cikin motar, Queenie ta damƙe hannun Hilda.

"Shigo ciki, Yaya, kada bam ya same ki."