Karsanar da Malam Bitrus Ya Yaba

Cikin duk ranakun aikina, wadda ba na mantawa ita ce ranar da muka ɗora madubin likita a kan kifaffen turmi a Mainika. Ku da kuka shigo aikin yanzu, kuna danna maɓalli hoto ya fito a allo, ku ara mini kunnenku.

A lokacin ina ƙaramin malamin dabbobi, mai bin garke yana allura da ɗiban jini. Likita yana Gwarzo, shi ke da ta cewa. Madubinmu iri biyu ne a ofis. Akwai gajere mai ido biyu, na duba abin da ido ke gani amma ba ya tantancewa, kamar kaska ko tsutsar ciki. Akwai dogo mai fitilar lantarki a gindi, shi ne na jini, yana nuna abin da ido bai isa ya gani ba. Babban yayansu kuwa, wanda aka ce yana cika ɗaki, a hoto kawai na san shi har na yi ritaya.

Farkon wata damina, Malam Bitrus ya same ni a gida. Mutumin Filato ne, yana koyar da kimiyya a wata sakandare, ya daɗe a Mainika har 'ya'yansa sun fi ni iya Kananci. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam Sabo, canjin wurin aiki zan nema. Zama ya ƙi."

Abin da ya faru shi ne, shanun maƙwabcinsa Alhaji Buba sun dawo daga kiwon rani a kudu. Malam Bitrus ya tsaya a bakin garke, ya ga wata farar karsana, ya ce, "Kai, wannan ta yi kyau!" Bai ce tubarkalla ba. Ba a jima ba karsana ta kwanta, wasu suka bi ta. A wurin mai shanu wannan ba ya bukatar bincike, kambun baka ne. Nonon da ake aiko wa gidansa ya tsaya, in ya yi gaisuwa a amsa masa a taƙaice, in ya doso a kora shanu bayan gida. Ba wanda ya zage shi, kuma shirun ne ya fi yi masa ciwo.

Na je na ga shanun. Sun rame, gashi ya tashi, ido na hawaye. Na yi zargin sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu a dazukan kudu. Ana ganin ƙwayarta tana motsi a ɗanyen jini, amma kafin in kai jinin Gwarzo a kan babur ta mutu. Kuma ko na kawo sakamako, Alhaji ba zai sayar da abin da ya gada daga kakanni a kan maganata ba. Sai dai ya gani da idonsa.

Na roƙi likita ya ba ni dogon madubin. Ya yi dariya ya ce, "In ka kai shi ruga, a ƙahon saniya za ka jona shi?"

Malam Bitrus ne ya ce makarantarsu tana da wani tsohon madubi, wanda ba ruwansa da lantarki. Wani ɗan gilashi ne a ƙasansa, a juya shi ya kamo hasken rana. Shugaban makaranta ya yarda a fita da shi, muddin Malam ne zai riƙe kayansa. Alhaji shi ma ya kafa nasa sharaɗin. "Ya zo," in ji shi, "amma kada ya kalli garkena."

Haka aka yi. Da hantsi aka kifa turmi a gindin wata ɗorawa, malamin kimiyya guda ya zauna a tabarma ya juya wa shanu baya, yana saita rana. Dariya ta zo mini, tausayi ya danne ta. Na soki kunnen karsanar, na ɗiga jini a fallen gilashi, na rufe da wani siriri, na miƙa masa. Ya murɗa, ya murɗa, sannan ya matsa gefe ya ba Alhaji wuri.

Alhaji ya durƙusa. Da farko idon da zai duba da shi ya rufe, sai da na gyara masa. Can sai ya zabura. "Innalillahi! Tarwaɗa ce a jinin saniyata?" Ga su nan kuwa, sirara, suna mutsu-mutsu suna ture ƙwayoyin jini. Na yi masa bayanin ƙudan tsando, ina jin kaina kamar na gama aiki.

Ya gyara zama ya ce, "Na gani, yaro. To wa ya ce maka ba baki ne ya kira su ba?"

Wallahi raina ya ɓaci, don ba a koya mana amsar wannan a makaranta ba. Na buɗe baki zan yi gardama, sai ya ɗaga mini hannu. Ya sa aka kamo wani bijimi da ƙanensa ya iso da shi daga kudu jiya-jiya, wanda Malam bai taɓa sa wa ido ba. Aka duba, suna nan fal. Ya ce saura tsohuwar saniyar da ke ɗaure a ƙofar gida, wadda ba ta je kudu ba, Malam kuma kullum sai ya wuce ta yana yi mata kirari. Muna ɗora jininta hadari ya rufe rana, na'ura ta yi duhu. Muka zauna jiran rana, ina kallon gumi na bin ƙeyar Malam Bitrus. Da haske ya dawo Alhaji ya duba ya duba, ya sa na sake ɗiba daga ɗaya kunnen. Jini fes, ba ko ɗaya.

Irin su Alhaji Buba ba sa cewa "yi haƙuri" a gaban mutane, kunya ba ta barinsu. Tashi ya yi ya shiga garke, ya sungumo wani ɗan maraƙi sabon haihuwa, ya zagayo ya dire shi a gaban Malam Bitrus.

"Malam, ɗaga kai ka duba mini wannan. Ya ka gan shi?"

Malam ya ɗaga kai ya ce, "Tubarkalla, Alhaji."

"Wannan na ji, Allah ya amsa. Tambayarka na yi, ya yi kyau ko bai yi ba?"

"Ya yi kyau."

"To, juyo ka ga sauran."

Mun yi wa shanun allura. Karsanar dai ba ta tashi ba, ciwon ya ci ƙarfinta, amma sauran sun murmure. Malam Bitrus bai nemi canjin nan ba, a Mainika ya ƙare aikinsa. Alhaji ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, kuma ina kewar irin mutanen nan ƙwarai.

Na'urorinku sun fi namu nesa ba kusa ba, ban musa ba. Amma ga abin da na ɗauka daga ranar. Aikinmu ba ya ƙarewa don kai ka gani. In mai dabba bai gamsu ba, kada ka ɗaga masa murya. Matsa ka ba shi wuri ya sa nasa idon, ka kuma bar shi ya zaɓi saniyar da za a duba.